Ɗaukar fim ɗin ɗalibai a harabar jami'a: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da ɗaliban sassan wasan kwaikwayo da na koyon aikin jarida suka fi yi idan an ba su aikin shirya gajeren fim, ko na zangon karatu ko na kammalawa. Amsoshin sun fi dacewa da yanayin makarantu irin su Jami'ar Bayero a Kano da Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, amma mai karatu a Jos ko Sakkwato ko Yamai zai ga yawancinsu sun shafe shi.

Tunda makarantarmu ce, sai mun nemi izini kafin mu kafa kyamara?

Sai kun nema, kuma a rubuce. Katin shaidar ɗalibi yana ba ku damar shiga aji ne, ba ya ba ku damar tsayar da mutum ashirin da fitilu a bakin ɗakin karatu. Takardar tana fitowa daga shugaban sashenku, ta je ofishin kula da harkokin ɗalibai, a ba sashen tsaro kwafi. Kowane gini kuma da mai shi: ɗakin karatu na hannun shugabansa, ɗakunan kwana na hannun masu kula da su, zauren lacca na hannun tsangayar da take amfani da shi. Sa hannun ɗaya ba ya buɗe ƙofar ɗaya.

A cikin takardar ku rubuta ranaku da lokuta, da wuraren da za ku yi aiki ɗaya bayan ɗaya, da sunayen mutanenku da lambobin rajistarsu, da sunan duk wanda ba ɗalibi ba ne. Ku haɗa da jerin kayan aiki da lambar jikin kowanne, domin ranar da za ku fita da kyamarar haya ta ƙofar makaranta, wannan jerin ne zai raba ku da mai gadi lafiya. Ku ba takardar mako biyu zuwa uku. Idan ta fito, ku yi kwafi uku, ɗaya ya zauna a aljihun furodusa kullum. Ranar aiki kuma wani ya je ya gaishe da masu tsaron da ke bakin aiki a ranar, don wanda ya sa hannu a ofis ba shi ne zai same ku a fili ba.

Fim mai tsawon minti nawa ya kamata mu yi?

Minti bakwai zuwa goma sha biyu. Lissafin da aka saba da shi shi ne shafi ɗaya na rubutun fim yana ba da kusan minti ɗaya a allo. Ɗalibai masu kyamara ɗaya suna iya ɗaukar shafi biyu zuwa huɗu a rana idan suna son aiki mai kyau, saboda haka fim na minti goma zai ci kwana uku ko huɗu. Wanda ya rubuta shafi arba'in yana da ƙarshen mako ɗaya, to bai rubuta fim ba, ya rubuta rigima da abokansa.

Ku rage wurare kafin ku rage komai. Duk sauyin wuri yana cin awa ɗaya zuwa biyu tsakanin kwance kaya da ɗauka da sake kafawa, ko da tsakanin gine-ginen bai wuce tafiyar minti biyar ba. Wuri uku da 'yan wasa uku ko huɗu sun ishi labari.

Mutum nawa muke bukata, kuma wa zai yi me?

Takwas sun isa: darakta, mataimakinsa, furodusa, mai kyamara, mai haske, mai sauti, mai riƙe sandar bum (doguwar sanda mai makirfo a kanta), da mai kwantiniti (mai lura kada kaya ko sutura su sauya tsakanin ɗauka da ɗauka) wanda zai haɗa da kula da sutura. Matsalar rukunin ɗalibai ita ce kowa yana son darakta ko kyamara, sai a miƙa sauti ga wanda ya zo a makare. Ku yi akasin haka, ku ba sauti mutumin da ya fi kowa haƙuri da taurin kai, wanda zai iya cewa a sake ko da jaruma ta riga ta yi kukan gaske.

Mataimakin darakta shi ne mai agogo. Ba ruwansa da kyawun hoto. Aikinsa ya san shot nawa suka rage (shot shi ne guntun hoto ɗaya, daga kunna kyamara zuwa kashe ta), ya faɗa wa darakta cewa saura minti arba'in rana ta faɗi, ya kira wanda bai iso ba. Fim ɗin da ba shi da wannan mutum yakan ƙare da fitowar farko mai kyau ƙwarai da fitowar ƙarshe da aka ɗauka cikin duhu.

Wane lokaci ne harabar jami'a take yin shiru?

Wannan ce tambayar da ta fi muhimmanci, kuma ba a cika yin ta ba sai an sha wuya. Jami'a tana da nata jadawalin, ba za ta sauya shi saboda ku ba. Duk lokacin da aka tashi daga lacca, ɗaruruwan mutane za su cika barandar da kuka gani babu kowa da safe, su yi minti goma sha biyar suna wucewa. Motocin ɗaukar ɗalibai da babura da masu a-daidaita-sahu suna da lokutan da suka fi yawa. Janaretan tsangaya yana tashi da zarar an ɗauke wuta, kuma ba wanda zai kashe muku shi.

Abin yi shi ne ku je duba wurin a irin ranar da irin lokacin da za ku yi aikin. Idan Asabar da ƙarfe goma za ku ɗauka, Asabar da ƙarfe goma za ku je. Ku zauna rabin awa ba magana, mai sauti ya sa hedifon ya kunna na'urarsa ya rubuta duk abin da ya ji. Kunne yana yafe ƙarar da ya saba da ita, makirfo ba ya yafewa. A Samaru, inda Jami'ar Ahmadu Bello take, alal misali, ƙananan jiragen koyo na Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama da ke Zariya suna shawagi a sama, wanda ya daɗe a garin ya daina jin su, amma na'ura za ta kama su tsaf.

Lokutan salla kuwa ku shigar da su cikin jadawali tun farko. Kiran sallar azahar da la'asar zai tsayar da ɗaukar sauti, mutanenku ma za su tafi masallaci, don haka ku haɗa hutun abinci da azahar ku huta gaba ɗaya. Ranar Juma'a ku ɗauka cewa daga sha biyu zuwa uku babu aiki. Safiyar Lahadi kuma ku nisanci wuraren da ɗalibai Kirista suke taron ibada, don akwai kiɗa da lasifika. Asabar da sassafe ita ce ta fi dacewa da aikin waje. Makon jarrabawa akwai shiru, amma ba za ku samu 'yan wasa ba, masu tsaro ma ba sa wasa a lokacin.

Wayar hannu za ta iya, ko sai mun yi hayar kyamara?

Za ta iya, idan kun hana ta yin gaban kanta. Ku sa manhajar da ke ba da damar kulle komai da hannu, irin Blackmagic Camera a wayoyin da suke ɗaukarta. Ku kulle fokas, ku kulle haske, ku kulle ma'aunin fari, wato saitin da ke daidaita launi da irin hasken wurin: kusan 5600 a hasken rana, kusan 3200 a ƙarƙashin jan ƙwan fitila. Idan an bar waya ta zaɓa da kanta, da zarar mai farar riga ya shigo hoton sai fuskar kowa ta yi duhu, da ya fita ta koma haske, kuma edita ba shi da maganin wannan.

Idan kuɗinku kuɗin abu ɗaya ne, ku bar kyamara ku yi hayar makirfo da na'urar naɗar sauti, ku samo ƙafar kyamara mai nauyi. Masu kallo suna haƙuri da hoto mai ɗan dishi-dishi. Maganar da ba sa ji kuwa ba sa jure ta ko minti biyu.

Me ya sa hotonmu yake ƙyaftawa ko yake yin layi-layi a cikin aji?

Wutar lantarkin Najeriya da Nijar tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, fitilun dogon ƙwai da ƙananan fitilun zamani masu araha suna ƙyaftawa daidai da ita. Ido ba ya gani. Yawancin wayoyi kuwa suna zuwa a saite a firam 30, wato hoto 30 a daƙiƙa, wanda ya dace da ƙasashe masu wuta mai juyi 60 kamar Amurka. Ku koma firam 25, ku sa shota, wato tsawon lokacin da kyamara ke karɓar haske ga kowane hoto, a kashi ɗaya cikin 50 na daƙiƙa, ko ɗaya cikin 100, layin zai ɓace. Idan a kan ƙaramin janareta kuke, juyinsa ba ya tsayawa daidai a 50, sai ƙyaftawar ta dawo lokaci zuwa lokaci. A nan mafita ita ce ku kashe fitilun ɗakin ku yi amfani da naku masu batir.

Duk kyamarorin da za su shiga fim ɗin su tsaya a firam ɗaya. Haɗa hoton firam 25 da na 30 yana sa motsi ya riƙa tsalle.

Yaya za mu samu sauti mai tsafta?

Da kusanci. Makirfon da ke kan kyamara nesa da baki da mita uku zai ɗauki ɗakin ne, ba zai ɗauki mutum ba. Duk lokacin da aka rage tazarar da rabi, muryar tana ƙaruwa da kusan desibel shida (desibel ma'aunin ƙarfin sauti ne) a kan ƙarar wurin, kuma babu manhajar da za ta ba ku wannan kyauta. Bum ya tsaya sama da kan mai magana da ɗan gabansa, tazarar kamu biyu ko uku, bakinsa yana kallon haɓa. Mai kyamara ya faɗi inda iyakar hoto take, mai bum ya sauko har ya shiga, sannan ya ɗaga kaɗan. Sai ya haddace maganganun kamar ɗan wasa, don ya juya sandar kafin na biyu ya buɗe baki.

Ku naɗa a 48 kilohaz, ku saita ƙarfin yadda magana za ta riƙa taɓa wajen desibel 12 ƙasa da sifili a ma'aunin na'urar. Idan akwai tsawa ko kuka a fitowar, a gwada ta tukuna a rage, domin sautin da ya fashe ya tafi ke nan.

Ajujuwanmu siminti ne sama da ƙasa, shi ya sa murya take amsa-kuwwa. Ku shimfiɗa darduma ko bargo a inda kyamara ba ta gani, ku jingina katifu biyu ko uku a bango, ku rataye bargo a bayan kyamara. Fanka a kashe lokacin ɗauka, a kunna tsakani. Firji ma haka, kuma dabarar da aka daɗe ana yi ita ce a sa makullin mota ko na ɗaki a ciki, don kada a tafi a manta ba a mayar da shi ba. Wayoyin kowa su koma yanayin jirgi, don kira mai shigowa yana sa ƙara a na'ura ko da wayar a shiru take.

Ƙaramin makirfon da ake maƙalawa a jiki yana da tasa matsalar da suturarmu. Shadda mai sitaci tana ƙaraurau da kowane numfashi, hijabi kuma yana goga kan makirfon. Ku manna shi da filasta tsakanin ninki biyu na yadi mai laushi, ku yi wa wayar ɗan lanƙwasa kusa da kai ku manne ta, ku sa jarumar ta juya kai hagu da dama kuna saurare. Mace ce za ta sa wa mace, wannan ba sai an faɗa ba. Awarwaro da sarƙa masu kaɗawa a cire su ko a naɗe cikinsu da filasta.

Kafin ku bar kowane wuri, kowa ya tsaya inda yake, a naɗi shirun ɗakin na minti ɗaya. Da shi edita zai cike giɓin da ke tsakanin maganganu. Idan akwai layin da ƙara ta ɓata, ku sa ɗan wasan ya maimaita shi nan take ba tare da kyamara ba, a wurin, da makirfon. Muryar da aka naɗa bayan mako biyu a ɗakin kwana ba ta taɓa zama daidai.

Ba mu da manyan fitilu. Da me za mu haska?

Da taga, mafi yawa. Ku zaunar da ɗan wasa yadda hasken taga zai zo masa ta gefe, ku kashe fitilun sama, ku mayar masa da haske ɗaya gefen da farin allon kumfa ko kwali da aka manna wa takardar alminiyam da aka yamutsa aka sake shimfiɗawa. Idan rana tana shigowa kai tsaye, ku rataye farin yadi mara kauri a tagar. Kada ku sa baƙin mutum a gaban taga mai haske kuna fatan ganin fuskarsa.

A waje, daga sha ɗaya zuwa uku rana tana tsakiyar ka, idanu suna zama ramuka, kowa yana yamutsa fuska. Ku yi aikin waje daga fitowar rana zuwa goma, ku shiga ɗaki, ku sake fitowa bayan la'asar. In ya zama dole da tsakar rana, ku nemi inuwar darbejiya mai kauri, amma ku lura da ɗigon hasken da ke ratsa ganye yana rawa a fuska. Jan hasken yamma da kowa yake so ba ya daɗewa a ƙasarmu, rana tana faɗuwa da sauri, saboda haka ku shirya masa shot biyu ko uku kawai, a yi gwaji tun da sauran rana.

Farar shadda ƙal abokiyar gabar mai kyamara ce. Idan ya buɗe haske don fuska, rigar ta ƙone, idan ya rufe don riga, fuskar ta ɓace. Ruwan toka, ruwan ƙasa da shuɗi mai haske sun fi. Yadi mai siraran layuka ma yana rawa a allo.

Wutar fa? Mu dogara da ta makaranta?

A'a. Ku tsara aikin kamar babu ita. Kowace kyamara ta zo da batir uku aƙalla, a yi cajinsu da daddare, a sa alama a kan wanda ya cika. Fitila mai wat 60 a kan babban batir mai wat-awa 500 za ta kai kusan awa bakwai, kuma ba ta da ƙara. Idan janareta ne, ku kai shi nesa da mita talatin zuwa hamsin, a bayan gini, ku ja waya mai kauri, ku warware ta gaba ɗaya daga maɗaurinta don kada ta yi zafi. Kada a shigar da shi baranda ko wani ɗaki a rufe don a rage ƙara: hayaƙinsa yana kashe mutum ba tare da ya ji wari ba. Wayar da ta ratsa hanyar mutane a manne ta ko a rufe ta da tabarma.

Wane yanayi na shekara ya fi?

Kowanne da halinsa. Hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, yana ba da haske mai laushi saboda hazo, mutane ba sa gumi, amma ƙura tana shiga ko'ina. A canza lens a cikin mota ko ɗaki, bakin kyamara yana kallon ƙasa, a hure ƙura da abin hurawa kafin a goge, don goge gilashi mai ƙura karce shi ne. Man kaɗanya ya kasance a jakar mai kwalliya saboda leɓe da gwiwar hannu. Iskar ma tana buƙatar a sa wa makirfo rigarsa mai gashi.

Bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafi yana haura digiri 40, kyamarori da wayoyi suna kashe kansu. Lema a kan kyamara, a cire wa waya rigarta, a kashe na'ura tsakanin shot. Damina tana kawo kore mai kyau, amma ruwa a kan rufin kwano ya gama da sautin ranar, gajimare kuma yana sauya haske tsakanin shot da shot. Ku tanadi fitowar cikin ɗaki da za ku koma mata idan hadari ya taso.

Abin da ya fi duka shi ne kada aikin ya rabu gida biyu. Yajin aikin malaman jami'a na 2022 ya kai wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Fim ɗin da aka fara a kan busasshiyar ciyawa aka ƙarasa a kan kore, jarumi ya yi aski, jaruma ta yi aure, ba ya haɗuwa. Ku jera ranakunku kusa da juna, ku fara da fitowar da labarin ba zai tsaya ba sai da ita.

Yaya ake tafiyar da ranar ɗauka?

Da daddare mataimakin darakta ya tura wa kowa jadawali: lokacin haɗuwa, wuri, fitowar da za a yi, kayan da kowane ɗan wasa zai zo da su. Ma'aikata su riga 'yan wasa da awa ɗaya. Kowace kafa kyamara sabuwa tana cin minti ashirin zuwa arba'in, don haka shot goma sha biyu zuwa sha takwas ne abin da rana za ta ɗauka.

A kowace fitowa, a fara gwaji ba kyamara, a sa alamar tsayuwa a ƙasa da filasta ko alli, sannan a haska. A ɗauki faffaɗan shot na fitowar daga farko zuwa ƙarshe, sai a matso. A gama duk abin da ke kallon gefe ɗaya kafin a juya fitilu. Idan mutum biyu suna magana, ku ja layi a zuci daga ɗaya zuwa ɗaya, kyamara ta zauna a gefe guda na layin. In ta tsallaka, a allo za a ga su biyun suna kallon waje ɗaya kamar ba da juna suke ba.

Kira yana da tsari. Mataimaki ya ce a yi shiru, mai sauti ya kunna ya amsa, mai kyamara ya kunna ya amsa, a nuna allo mai lambar fitowa da shot da tek (wato karo na nawa ake ɗaukar shot ɗin), a faɗe su da baki, a buga. Sannan darakta ya ce akshin. Idan babu allon bugawa, tafi ɗaya a gaban kyamara ya wadatar, muddin ana ganin hannayen. Bayan layin ƙarshe a bar kyamara ta ƙara daƙiƙa biyar kafin a ce kat.

Mene ne aikin mai kwantiniti takamaimai?

Ya ɗauki hoton kowane ɗan wasa da wayarsa kafin fitowa da bayanta: ɗaurin ɗankwali, karin hula, hannun da agogo yake, yawan shayin da ke kofi, shafin da littafi yake buɗe. Ya rubuta tek ɗin da darakta ya so da dalilin ƙin sauran. Kayan da za a sake sawa wata rana su kwana a hannunsa, kada su bi ɗan wasa gida. Lalle yana dushewa cikin kwanaki, saboda haka ko a bar shi gaba ɗaya ko a ɗauki fitowar mai shi a jere.

Za mu iya ɗauka a ɗakin kwanan mata? Bindigar roba da kakin 'yan sanda fa?

Maza ba sa shiga ɗakunan kwanan mata, kuma ba ma ba da shawarar a nemi a karya wannan. Gado mai hawa biyu, labule, bokiti, akwati da ƙaramin risho a wani ɗaki na sashenku za su ba ku ɗakin. Hoton ginin daga waje ma sai da izini, kuma ba tare da fuskokin masu wucewa ba.

Bindigar wasa da kakin jami'an tsaro abu ne da ke iya jawo asarar rai a yanayin da ake ciki. A rubuta su ɓaro-ɓaro a takardar izini, a kai su ofishin tsaro a gani, a ɗauke su a jaka a rufe, a nemi jami'i ɗaya ya tsaya tare da ku. Haka fitowar faɗa, ko sata, ko ihun neman taimako: jama'a ba su san fim ba ne, kuma taron da ya ɗauka ɓarawo ne ba ya tsayawa tambaya. Jirgin ɗaukar hoto mara matuƙi yana bukatar izinin Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Najeriya da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Ga ɗalibi, hawa bene na uku ya fi sauƙi.

Jinin wasa kuwa, sukari da aka dafa ya yi kauri, da jan kalar abinci, da ɗan garin koko don ya yi duhu. Ƙuda na son sa, a sa shi daf da ɗauka.

Me ya fi cin kuɗi?

Abinci da ruwa da sufuri, sun fi hayar kaya a yawancin finafinan ɗalibai. Mutum goma sha biyar a rana ta zafi za su sha jakar ruwan leda huɗu ko biyar. Wanda yake aiki kyauta, in ya ji yunwa ƙarfe biyu, zai tuna yana da lacca. Ku yi magana da mai abinci ɗaya tun jiya, a kawo a kan lokaci. Ku ware kashi goma zuwa sha biyar cikin ɗari na kuɗin kada a taɓa, don ranar ƙari. 'Yan mata da ke zaune a gida a sallame su kafin magariba da kuɗin mota a hannu, kuma iyayensu su san inda suke tun farko. Idan azumi ne, a yi aiki daga safe zuwa azahar a tashi.

Yaya za mu kiyaye abin da muka ɗauka kada ya ɓace?

Kyamarar da ke ɗauka a megabit 100 tana cin kusan gigabayit 45 a awa. Fim na minti goma yakan tara ɗanyen hoto na minti ɗari, wato kusan gigabayit 75, ban da sauti. Ku sayi memori mai alamar V30 ko sama, ku gwada shi ta hanyar cika shi da fayiloli ku sake buɗe su, saboda jabu sun yi yawa a kasuwa, kuma jabu yana nuna yana ɗauka alhali yana goge na baya.

Kowace yamma mutum ɗaya, shi kaɗai, ya kwafe komai zuwa laftof da faifan ajiya na waje guda biyu, babban fayil ga kowace rana, hoto daban sauti daban. Ya buɗe wasu ya kalla har ƙarshe. Faifan biyu kada su kwana a ɗaki ɗaya. Sai an tabbatar da wannan za a goge memori, kuma a cikin kyamarar za a goge shi.

Bayan an gama tacewa, za mu iya sa shi a YouTube ko mu kai gasa?

Ku duba abu uku tukuna. Na farko kiɗa: waƙar da kuka ciro daga wayarku tana da mai ita, YouTube kuma yana gane ta da kansa, yana iya toshe fim ɗin. Ɗalibi mai gurmi ko sarewa da aka naɗa a ɗaki mai shiru ya fi muku. Na biyu, takardar amincewa da kowane ɗan wasa ya sa wa hannu, mai faɗin inda za a nuna fim ɗin, domin wadda ta yarda a nuna a aji ba lallai ta yarda a sa a intanet ba. Na uku hukuma. Nuna wa malamai a aji daban yake da sakin fim ga jama'a. A matakin ƙasa akwai Hukumar Tace Finafinai da aka kafa a 1993, a Kano kuma akwai Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i ta jiha tun 2001, mai ƙa'idoji kan sutura da cuɗanyar maza da mata. Shugaban sashenku ya tuntuɓe su kafin ku saki, kuma gara ku san ƙa'idojin tun kuna rubutu.

Gasa irin bikin finafinai na Zuma, wanda Hukumar Finafinai ta Najeriya take shiryawa a Abuja, za ta bukaci fassarar Turanci a ƙasan allo: layi biyu a lokaci guda, kowanne kada ya wuce haruffa arba'in da biyu. Idan za ku rubuta sunaye da Hausa, ku duba ko salon rubutun da kuka zaɓa yana da ɓ da ɗ da ƙ, don wasu suna mayar da su akwati. Ku fitar da fim ɗin kwana biyu kafin ranar miƙawa, ku kai shi zauren da za a nuna, ku kunna shi a majigin da lasifikar wurin, wani ya zauna a kujerar ƙarshe ya faɗa muku layin da bai ji ba.